Ɗabaƙoƙin Bayin Allah a Ofishin Jam'iyya

Duk wanda ke sha'awar sanin ɗabi'un 'yan Adam, amma Allah bai hore masa guzurin yawon duniya ba, kuma ba shi da haƙurin durƙuso gaban malami shekara da shekaru, to ya nemi gefen benci a ofishin wata jam'iyya lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, domin a nan ne ake tara masa su a ɗaki guda, kowa da irin tasa hikimar ta neman abinci.

A watan Satumba na 1978 ne gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗage takunkumin da soja suka sa wa siyasa tun 1966, daga baya kuma hukumar zaɓe ta FEDECO ta yi wa jam'iyyu biyar rajista: NPN ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari, UPN Cif Obafemi Awolowo, NPP Dokta Nnamdi Azikiwe, PRP Malam Aminu Kano, GNPP kuwa Alhaji Waziri Ibrahim, mai kiran siyasa ba da gaba ba. Da yake sabon tsarin mulki ya halatta wa ɗan shekara 18 jefa ƙuri'a, sai mu ɗaliban kwalejin fasaha ta Yaba muka ɗauka cewa makomar Nijeriya ta rataya a wuyanmu, ni ma na kai kaina ofishin wata jam'iyya a Ebute Metta, daura da titin Kano, inda Hausawa suka daɗe da yin kaka-gida albarkacin hedkwatar jirgin ƙasa. Jam'iyyar tana cikin ukun da suka tsayar da 'yan Arewa. Sunanta kuwa na sakaya shi, tun da dai a wannan babi duk kanwar ja ce. Aikin ɗalibi shi ne buga wasiƙu a tafireta, da ɗaukar benci, da dama sitacin rogo don liƙa hotunan ɗan takara, waɗanda ruwan daminar Ikko kan wanke kafin gari ya waye, ladansa kuwa burodin Agege da "Allah ya yi maka albarka."

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne na-jikin ɗan takara. Ba shi da muƙami, ba a kuma san sana'arsa ba, amma ba ya shigowa sai ya rage murya ya ce, "Shekaranjiya ma muna tare da shi a Ikoyi har ƙarfe biyun dare, na ce masa Ikko tana aljihuna." Ranar da ɗan takara ya zo taro, muka ga 'yan sanda sun tokare shi a bakin igiya tare da sauran talakawa, yana ta ɗaga hula ba wanda ya waiwaye shi, da muka koma ofis sai ya tara mu ya bayyana mana cewa yarjejeniya ce suka ƙulla, kada a nuna an san shi a bainar jama'a, saboda mahassada.

Amma gwanin gwanaye, wanda na fi jin daɗin nazarinsa, shi ne malamin ofis. Ba fa ina nufin malaman Allah masu karantar da fiƙihu da tafsiri a zaurukan Agege ba, waɗanda ko an aika musu da mota ba sa zuwa. Ina nufin wani nau'i ne da ba ya ɓulla sai kakar zaɓe, da gafaka a kafaɗa, da tasbaha mai dubu, da tozali raɗau. Zai yi sallama cikin tawali'u, ya zauna ya yi shiru har sai hankalin shugaban reshe ya tashi, sa'an nan ya faɗa cewa ya shiga halwa kwana uku ya yi istihara, an kuma nuna masa ɗan takararmu bisa farin doki, jama'a na biye da shi ba iyaka, illa dai akwai wani ɗan duhu ta fuskar yamma, wanda ba abin da ke yaye shi sai farin rago, da ƙwaryar goro, da turmin alawayyo. To, a shekarar 1979 zaɓe biyar aka yi, kowanne da Asabar ɗinsa, daga na majalisar dattawa ran 7 ga Yuli har zuwa na shugaban ƙasa ran 11 ga Agusta, kuma ikon Allah, kowace Asabar da nata duhun. Wani abokina da ke hidima a ofishin abokan hamayya ya tabbatar mini cewa su ma an gano musu wannan farin doki, mahayin kawai aka sauya. Da na yi ƙarfin hali na ce, "Allah gafarta Malam, to in ba a ci ba fa?" sai ya dube ni duban tausayi ya ce, "Yaro, ƙasa ba ta ƙarya, sai dai in an tauye sadaka." Na jinjina wa wannan fatawa ƙwarai, gama ban taɓa ganin sana'ar da aka toshe mata ƙofar asara kamar wannan ba.

Akwai kuma tsohon ɗan gwagwarmaya, wanda ya ga zaɓen 1959 da idonsa, ya ga jirgin Awolowo mai saukar ungulu, yana da tabon kulki a ƙeya da yake nunawa ko ba a tambaya ba. Mu duka 'ya'yan jiya ne a wurinsa, kuma barci kan sace shi daidai lokacin ɗaukar benci.

Kishiyarsa shi ne ɗan boko mai aƙida, yawanci daga jami'ar da ke Akoka, wanda ya haddace Karl Marx fiye da yadda ya haddace farillan alwala, yana kuma ƙaunar talakawa matuƙa muddin ba su matso kusa da shi ba. An taɓa tura wani irinsa Zangon Agege ya yi wa fataken goro bayani, ya shafe sa'a guda yana zuba Turanci jefi-jefi da Hausa a kan 'yan jari-hujja, bai lura ba cewa rabin masu sauraronsa su ne 'yan jari-hujjar unguwar, har wani dattijo ya katse shi cikin ladabi ya ce, "Ɗana, duk mun ji. Kai ɗan gidan wane ne?"

Ma'aji kuwa in an tambaye shi kuɗi kalma biyu ya sani: suna hanya. A waɗancan shekaru an yi wa motocin Ikko doka saboda cunkoso, masu lamba mara su fita yau, masu cika gobe, mu kuwa muka yanke hukunci cewa motar da ta ɗauko kuɗinmu daga Ikoyi ba ta da lamba ko ɗaya daga cikin biyun.

Sai jama'a mafi rinjaye, wato masu hula biyar, waɗanda suka yi wa jam'iyyun nan adalcin da shari'a ta wajabta wa mai mata da yawa, ba sa kwana a ɗakin wata su hana wata. Suna da bajon kowace jam'iyya a aljihu, sun san ranar rabon kuɗin mota a kowane ofis daga Oyingbo har Idi-Araba, kuma da yake zaɓen shugaban ƙasa ya faɗo a tsakiyar azumi, sai imaninsu da manufofinmu ya riƙa tsananta dab da magariba, ya lafa da zarar an kwashe kwanonin buɗa-baki. Da yawansu ko katin zaɓe ba su yanka ba. Masu shi kuwa a garuruwansu suka yanka, ana jibi zaɓe suka hau jirgi a Iddo suka yi Arewa.

Kada mai karatu ya zaci duka taron na 'yan cin banza ne. Akwai tafintanmu, haifaffen Agege, wanda Yarabanci ya zauna a bakinsa daram, wanda kuma in shugaban reshe ya hau mumbari ya zazzaga wa Awolowo baƙar magana a tsakiyar mutanen Awolowo, sai shi ya juya ta ta koma gaisuwa da fatan alheri ga iyaye da kakanni, jama'a su yi tafi, shugaba ya sauko yana murna cewa hujjarsa ta ratsa su. Ba don wannan ha'inci mai albarka ba, da ba mu kai zaɓe da haƙoranmu cikakku ba. Akwai kuma Hajiya mai tuwo ta bakin tasha, wadda ba ta taɓa riƙe lasifika ba, ba ta kuma san ko sashe guda na kundin manufofinmu ba, amma ta san kowane gida, ta san wadda ta haihu da wadda aka yi wa rasuwa, ta kuma je ko'ina da ƙafarta. A shekarar da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ita ce ta fito da matan unguwa layi-layi, da mayafansu da goyonsu, suna azumi, alhali na-jikin ɗan takara yana ofis yana jiran waya daga Ikoyi.

Da aka ƙidaya, Alhaji Shehu Shagari ne aka ce ya ci, aka tafi kotu kan lissafin kashi biyu bisa uku na jihohi 19, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa, aka rantsar da shi ran 1 ga Oktoba. Jihar Ikko kuwa, wadda aka ce mana tana aljihu, Awolowo ya kwashe fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙuri'unta. Malam ya ce an tauye sadaka, ɗan boko ya ce talakawa ba su waye ba tukuna, tsoho ya ce a 1959 ba haka aka yi ba. 'Yan ƙuri'un da muka samu a akwatunan unguwarmu galibinsu na matan Hajiya ne, kuma har aka mayar wa mai gida da mabuɗin ofis ba a biya ta kuɗin tuwonta ba.