Mu Nan Gwange, Haka Muke Yi

In ka tare a layinmu, ba za ka kwana uku ba sai ka ji sallama a ƙofa. Sakataren ƙungiya ne, da littafinsa mai baƙin bango a hammata, ga yaro biye da shi ɗauke da kwanon tuwo daga gidan maƙwabta. Bayan barka da zuwa sai tambayoyi: mutum nawa ne a gidan, akwai tsohon da ba ya iya tafiya, akwai mai juna biyu, wace lamba za a kira in dare ya yi? Baƙo yakan ɗan ja baya ya ce, "Malam, ko ƙidaya aka fara ban ji ba?" Sakatare ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ka dai fito majalisa bayan la'asar, za ka ji dalili."

Majalisar nan ita ce ofishinmu: tabarmi ne a gindin dalbejiya kusa da masallaci, sai bencin mai shayi ga wanda gwiwa ta hana zaman ƙasa. Baba Bulama yana zama a gefen da inuwa ta fi kauri, ba shi ke shugabanci ba, amma ba a rufe magana sai an ji ta bakinsa. Shugabanmu Babarbare ne, ma'ajinmu kuwa Bafulatani, to kun san abin da ke tsakanin waɗannan biyu. Duk ranar karanta lissafi sai shugaba ya ce a ƙirga kuɗin da kyau, kada a wayi gari an sayi maraƙi da su. Ma'aji ya ce ai da Babarbare aka ba ajiyar, da tuni ta ƙare a turaren wuta da hular zanna. A yi dariya har da tafi, sannan a karanta lissafin, sisi ba ta ɓata ba. A tabarmar akwai Babur da Marghi da Shuwa da Bahaushe, akwai Inyamuri mai shagon magani wanda ya fi wasunmu daɗewa a unguwar, kuma Hausa ce ke haɗa mu duka, in ta ƙi a tsoma Barbarci.

Babban aikinmu kwata ce. Mu da ke zaune a bakin kogin Ngadda mun san abin da toshewar magudana ke jawowa, shi ya sa muka ware Asabar guda a wata. Ana idar da sallar asuba samari za su fito da shebur da manjagara da baro. Wanda bai taɓa shiga ba yakan ɗauka yashi ne kawai a ciki. Sai ka kafa shebur ka ji ya ƙi shiga, domin ledar fiya wata ta yi kitso da tsumma da robar lemo, a ƙasa kuma ga baƙar laka mai warin da ke bin mutum har gida. Mutum biyu a cikin rami suna haƙa, biyu a sama suna kwashewa, yara na tura baro suna rigimar wa zai riƙe hannu. Can da hantsi sai ka ga kuloli na fitowa daga gidaje, kunun tsamiya da ƙosai da zafinsu. Wanda ba zai iya fitowa ba yakan aiko da kuɗin ƙosai ko ya sayi manjagara. Akwai wani attajirinmu da ya saba turo yaron gidansa, har ran da Baba Bulama ya ce masa, "Alhaji, yaronka ya samu ladansa, saura kai." Asabar da ta biyo baya muka gan shi ya naɗe ƙafar wando. Bai fi shebur goma ya ɗiba ba, amma ranar ba saurayin da ya zame da wuri.

Masu zuwa mana daga Kano ko Kaduna sukan tambaya ina muka samo wannan haɗin kai. Wuya ce ta koya mana. A 2011 aka hana hawa babur a garin nan saboda masu harbi daga kansa. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya, muka zauna ba mai jin labarin ɗan'uwansa. Kafin nan mun yi shekaru maƙwabci na tsoron maƙwabci, ka ga abu da idonka ka haɗiye, domin ba ka san kunnen da ke saurare ba. A watan Yunin shekarar ta 2013 samarin gari suka ce ya isa, suka fito da gora da adda, abin ya tashi daga wajen Hausari ya bazu ko'ina, har gwamnatin Kashim Shettima ta ɗauki wasunsu ta ba su horo da alawus. Su ne 'yan gora. Da yawansu sun rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu, kuma an yi ƙorafin cewa wasu sun wuce gona da iri. Mun riƙe darasi biyu daga wannan zamani. Unguwar da mutanenta ba su san juna ba, kowa na iya ɓuya a cikinta. Kuma ƙarfin samari yana buƙatar idon dattawa, shi ya sa har gobe masu sintirin dare a layinmu ba su da ikon dukan kowa. In sun kama ɓarawo, gaban Bulama za a kai shi, daga nan sai hannun hukuma.

Ba mu gama numfasawa ba sai ga baƙi. Gwoza ta faɗa hannun 'yan bindiga a Agustan 2014, Bama a Satumba, Baga a Janairun 2015. Duniya ta ga hotunan sansanoni irin su Bakasi da Dalori, amma mafi yawan waɗanda suka gudo a gidajen mutane suka sauka. Zaure ya zama ɗaki, gareji ya zama ɗaki, gida mai mutum takwas ya koma na ashirin. A lokacin ne ƙungiyarmu ta fara karo-karon hatsi, kowane gida kwano guda a mako, a tara a ɗakin ajiyar masallaci, liman ya raba. Wasu baƙin sun koma garuruwansu, wasu sun zama 'yan gida. Mai gyaran famfonmu na yanzu daga Bama ya zo yana yaro, yau shi ke tsawata wa masu barin ruwa na zuba.

Zancen famfo kuwa sai ya tuna mana da duhun 2021. A Janairun shekarar aka fasa turakun da ke kawo wuta daga Damaturu, gari ya zauna wata da watanni babu lantarki, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga azumi. Kuɗin kurar ruwa ya tashi, ƙanƙara ta zama kayan marmari. Muka riƙa haɗa kuɗin gas ana tayar da injin rijiyar burtsatse safe da yamma, har muka ga ba za mu jure ba, aka buɗe gidauniya ta musamman aka sa mata sola. Ko da aka buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas ta megawat 50 a Maris ɗin 2023, rijiyarmu ta riga ta saba shan rana. Dokarta ɗaya ce: tsofaffi da masu goyo ba sa bin layi.

Kada in yi ta zancen maza, alhali rabin aikin a cikin gida ake yin sa. Matan layinmu suna da nasu zama ranar Lahadi a gidan Hajja uwar adashi. Da kuɗin tararsu suka sayi manyan tukwane da kujeru da rumfa, ɗan layi ya ara kyauta, na waje ya biya haya. In an yi haihuwa su ne, in za a yi wushe-wushen biki su ne, in an yi rasuwa kafin maza su dawo daga maƙabarta abinci ya sauka, gidan makoki ba ya hura wuta har sadakar uku. Da gobara ta cinye Kasuwar Monday ranar 26 ga Fabrairun 2023, akwai matan adashin da jarinsu ya ƙone ƙurmus. Hajja ta tara sauran ta ce, "'Yan'uwana, wadda kwasarta ta zo ta yi haƙuri, a fara ba waɗanda wuta ta taɓa." Ba wadda ta ɗaga murya.

Sai daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Dattawanmu da suka ga ambaliyar 1994 sun ce wancan wasa ne. Ruwa ya ci Fori da Gwange da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa, ya rusa katangar gidan yari fursunoni fiye da 270 suka fice, ya kashe mafi yawan dabbobin gidan zu na Sanda Kyarimi, har ana gargaɗin a yi hattara da kada da macizai. A layinmu masu sintiri ne suka fara jin ƙarar ruwa, suka bi ƙofa-ƙofa suna bugawa, ladan ya hau lasifika. Sakatare ya bar talabijin da katifa, ya ƙulle littafinsa a leda ya ɗora a ka. Da muka kai tudu ya buɗe shi da fitilar waya ya fara kiran suna gida-gida, ana amsawa. Da ya kira wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ɗakin ƙurya aka ji shiru. Samari huɗu suka koma, ruwa iya ƙirji, suka tarar da ita a kan gado ta rungume buhun gero tana salati. Ƙyauren ƙofarta suka ɓalle suka ɗauko ta a kai. Tun daga ranar ba a ƙara samun wanda ya yi ƙorafin tambayoyin sakatare ba.

Da ruwa ya janye muka dawo muka tarar da laka har gwiwa da katangu a ƙasa. Muka yi gayya irin ta manoma, yau gidan wane, gobe gidan wane, aka fara da gidajen marayu da zawarawa, na shugaba ya zo ƙarshe. Tallafin da ya iso ta hannun hukumomi da ƙungiyoyi, a bainar jama'a aka raba shi ana kiran suna.

Muna saɓawa kuwa, kamar harshe da haƙori. Akwai masu bashin kuɗin wata da sai an yi ta bi, akwai masu zuwa taro sai ranar rabo. Lokacin zaɓe ya fi kowane lokaci wuya, domin kowa da gwaninsa, shi ya sa muka yi doka: hular jam'iyya ba ta hawa tabarma, ɗan takarar da ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma ba a yi masa alkawarin ƙuri'ar kowa. Samari ma sun taɓa tayar da magana. Ɗayansu ya durƙusa ya ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, shebur a hannunmu yake, shawara kuwa a hannunku." Baba Bulama ya yi shiru, can ya ce yaron ya yi gaskiya. Yanzu suna da kujeru a kwamiti, mata kuma suna riƙe da ɗaya daga makullan akwatin kuɗi, ba ya buɗuwa sai da su.

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyaran madatsar Alau. Muna addu'a aikin ya yi ƙarko, kuma za mu ci gaba da tambayar inda aka kwana, domin haƙƙinmu ne. Amma ambaliyar ta nuna mana wani abu da ke hannunmu. Kwatarmu a ta layin ƙasa take zuba, tasu kuma a ta gaba, har a kai kogi. In mun share tamu tas su ba su share ba, ruwan kanmu zai dawo. Don haka Baba Bulama ya aika wa takwarorinsa, an zauna, an tsayar da cewa kafin saukar damina za a yi shara rana ɗaya daga bakin titi har bakin kogi, kowane layi ya fito da samarinsa da kayan aikinsa. Mu mun ɗauki nauyin baro da ƙosai, na ƙasa sun ce kunu nasu ne. Duk wanda yake jin kansa ɗan Gwange, mai gida ne ko ɗan haya, ana jiran sa da sheburinsa bayan sallar asuba.