Yariman Duhu da Motocin Ingila

A cikin masu tsofaffin motocin gudu na Ingila, irin su MGB da Triumph da Jaguar E-Type wadda ta fito a 1961, ba a tambayar mutum ko motarsa na da gudu. Ana tambayarsa ne ko ta tashi yau.

Kamfanin Lucas na Bamingam ne ya haɗa wa yawancinsu kayan wuta, direbobi kuma suka naɗa shi Yariman Duhu. Suna cewa makunnin fitilarsa matsayi uku gare shi: dishi-dishi, ƙyaf-ƙyaf, da kashe. Wasu ma sun yi fatawa cewa hayaƙi ne ke gudana cikin wayoyin, shi ya sa da zarar ya fita, mota ta tsaya.

Gaskiyar lamarin ba ta da nisa. Mahaɗan wayoyin kan yi tsatsa a ƙasar da ruwan sama ba ya hutu, sannan MGB ta farko fis biyu kacal gare ta. Motocin Lotus da TVR kuwa jikinsu ba ƙarfe ba ne, don haka kowace fitila sai an ja mata wayar at (earth) tata. Guda ta saki, ka danna sigina, fitilar birki ta amsa maka.

Duk da haka masu su ba sa sayarwa. Mutum zai kwana a gefen titi da tocila a baki, gobe ya ce maka ai motar hali gare ta. So hana ganin laifi.