Abokan zamana a horon yaƙi da jahilci

Kafin a buɗe azuzuwan rani a Maijirgi, an tara mu a Tasawa don a koya mana yadda ake karantar da manya. Kan abu guda aka yi ta nanatawa: babba yana zuwa aji da saninsa, rubutu kawai ya rasa. Sauran ilimin daga abokan zama na samo shi.

Akwai Na-Kuɗin-Zama. Bai san sunan mai horarwa ba, amma ko tsakar dare aka tashe shi zai nuna inda takardar sa hannu take. Akwai Sarkin Gyangyaɗi, wanda shinkafar rana ke kayarwa, sai tafi ya farkar da shi, ya fi kowa tafawa. Ni kuwa kusa da mai shayi nake zama, don iska ta fi kaɗawa can.

Gwanina shi ne Mushe, tsohon malamin lakkol mai ritaya. Ba ya tambaya, sai "ƙarin bayani kaɗan", wanda ke farawa daga zamanin mulkin Kunce ya ƙare bayan an kira la'asar. Aka ba shi alli ya rubuta "ciki", ya dasa "tchiki" da Faransanci, ya ja layi biyu a ƙasa. Lanƙwasar ɗ da ƙ kuwa, cewa ya yi ado ne na yaran yanzu. A gwajin darasi, da muka zama ɗalibansa, hannunsa ya yi ta laluben bulalar da babu. Duk da haka shi ke raba goro, shi ya sa muke yafe masa.

Wanda ban yafe wa ba wani matashi ne mai sabuwar takarda, da ke kiran ɗalibansa "ƙauyawan nan". Tsarinsa, in dattijuwa ta kasa harafi, a tsayar da ita gaban aji har ta iya. Dattijuwar da ke riƙe asusun Mata Masu Dubara, tsarin da aka faro a jihar Maraɗi tun 1991, mai gaya maka jaka biyu da rabi dala ɗari biyar ce kafin matashin ya buɗe wayarsa! Ka kunyata ta yau, gobe ba ita ba maƙwabtanta, sai tabarma.

Masu raba azuzuwa, ku ba Mushe aji, zai gyaru. Matashin nan ku mayar da shi benci tukuna.