Yadda Ake Zaɓar Tayar Shiga Daji Ga Wanda Iyakarsa Fagge

Wannan nasiha ta masu Hilux ce da masu jif, da kuma waɗanda suka gaji a-kori-kurar mahaifinsu suka rantse ba za su sayar ba. Ba zan ɓata maka lokaci da cewa kuɗin da ka ware ba zai isa ba. Ka sani, shi ya sa kullum da safe kake zagaya motar kana taɓa tayar baya da ƙafa, kana cewa za ta kai bayan salla. Ni kwanan nan na fito daga wannan jarrabawa, aljihuna bai farfaɗo ba tukuna, don haka ga abin da na tsira da shi.

Na ɗaya, ka san ƙasar da za ka taka. Masu ƙera taya sun kasa ta gida uku. Akwai mai alamar H/T, ta kwalta, ba ta ƙara, ba ta shan mai. Akwai M/T, ta taɓo, mai manyan haƙora. Sai A/T a tsakaninsu, wadda aka ce ba ta zaɓen ƙasa, kuma ita zuciyarka take so tun ranar da ka ga maƙwabcinka ya sa. Za ka ce saboda gona kake nemanta. Mun ji. Gonar da rabonka da ita tun ranar da aka auna ta.

Amma kada ka ji kunya. Lokacin da kamfanin BFGoodrich ya fito da irin wannan taya a Amurka a 1976, tunaninsa na mutumin da zai bar gari ne ya yi doguwar tafiya kafin ya samu yashi da duwatsu da kwazazzabo. Mu Allah ya hutar da mu wannan wahala. Ka fito daga Fagge a watan Agusta ka nufi Sabon Gari, kafin ka kai Bata ka taka kwalta, ka taka burji, ka taka yashin da wani mai gini ya juye a tsakiyar layi tun bara, ka ratsa tafki, ka haye kwatamin da ya bar hanyarsa ya hau taka. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ya san ba ƙari nake yi ba. Rami kuma iri biyu ne. Akwai wanda kuka saba, ka san zurfinsa, har kana kwatance da shi. Akwai wanda ruwa ya lulluɓe, shi ne mai yaga gefen taya. Maganinsa ɗaya, ka bi bayan ɗan Adaidaita Sahu, inda ya kauce ka kauce. Matsalar kawai ita ce shi ma yakan kauce ba don rami ba, don wata baiwar Allah ta ɗaga hannu a wancan gefen titi. Sannan ga yaran da ke tsaye da shebur a bakin ramin, suna zuba ƙasa cokali guda suna ɗaga maka hannu. Wannan rami ba zai taɓa cika ba, domin babu mai cike wurin cin abincinsa.

Na biyu, lambobin da ke jikinta. Za ka ga abu kamar 265/65 R17 112T. Na farko faɗinta ne da milimita. Na biyu tsayin gefenta, kashi 65 cikin ɗari na faɗin. 17 girman wili ne da inci. 112 yana nufin taya ɗaya tana ɗaukar kilo 1,120, abin da duk mai loda buhunan shinkafa a Singa yake ɗauka a matsayin ra'ayin Bature kawai. Harafin T kuma ya ce za ta jure gudun kilomita 190 a awa. Ka riƙe wannan da kyau, zai yi maka amfani a titin Faransa da ƙarfe biyar na yamma, inda mai baro ne yake yanke wa kowa gudun da zai yi. Idan da gaske kaya kake ɗauka, nemi mai harafin LT, gefenta ya fi ƙwari, sai dai bayanka zai san ka sa ta. Girman da motarka take so yana rubuce a jikin ƙofar direba. Duk wanda ya ce ka ƙara girma don motar ta yi kwarjini, tambaye shi ko shi zai riƙa sa maka mai, kuma ko shi zai saurari tayar tana gugar jikin mota duk sanda ka karya kwana.

Na uku, yadda ake shiga kasuwa. Kafin ka kashe mota mutum biyar sun kewaye ka. "Alhaji, me ake nema? Ranka ya daɗe, shagonmu ne nan." Babu mai shago a cikinsu. Za a zaunar da kai a benci, a kawo ruwan leda, wani yaro ya ɓace cikin lungu, ya dawo yana gara taya daga shagon da ka wuce ɗazu, an ɗora mata kamashon mutum biyar da kuɗin ruwan ledar. Farashi kuwa ba daga jikin taya ake karanta shi ba, daga shaddarka ne da hularka. Wasu sun ce ka sa tsohuwar riga ka ajiye motar nesa. Madalla, a ina? Ka samo mini wurin ajiye Hilux tsakanin 'Yankura da kasuwar Abubakar Rimi, ni kuma in saya maka tayar. Idan ka ce ta yi tsada, a ce dala ta tashi. Idan ka ce ai ta sauka makon nan, a ce wannan kayan tun tana sama aka sauke shi.

Na huɗu, ranar haihuwarta. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 mako na 23 ke nan a 2019. Hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta daɗe tana cewa shekara huɗu daga wannan rana taya ta ƙare aiki, ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, domin roba tana bushewa a ajiye. Ka lura, daidai kan lambobin nan babban yatsan dillali yake sauka idan yana nuna maka kyan zanenta. Ɗaga yatsan cikin ladabi. Zai ce, "Haba Alhaji, wannan ai Turawa ne suke rubuta abinsu." Ka shafa cikinta kuma, domin hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kama kwantenonin da aka cusa tayoyi cikin juna don a rage kuɗin dako da na kwastan, wayar cikinsu ta lanƙwashe tun a teku. Sabuwa ce dal, amma da targaɗe aka haife ta.

Sai Beljiyam, wato tsohuwar tayar waje, wadda ba ta cancanci lamba ba. Tsohuwar tayar mota tana cikin jerin kayan da kwastan suka haramta shigowa da su, wanda ya sa ba ka ganinta ko'ina sai a kowane lungu. An wanke ta, an shafa mata baƙi tana ƙyalli, wata har an bi zanenta da wuƙa mai zafi an ƙara masa zurfi. Mafi ban tausayi ita ce wadda aka rubuta wa Winter, mai ɗaruruwan siraran tsaga a fuska. Robarta mai laushi ce, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Ta gama bauta a ƙanƙarar Jamus, maimakon ta huta, ga ta a kwaltar Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Ka duba inda aka rubuta Temperature, akwai A, B ko C, kuma A ce ta fi jure zafi. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Na biyar ne ko na shida, oho. Mai faci. Takardar jikin ƙofa ta ce iskar taya talatin da 'yan kai. Malam mai faci yana da geji, amma ya fi amincewa da ƙarfen da yake ƙwanƙwasa tayar da shi yana kasa kunne. "Bari a cika ta, maigida, za ta fi gudu." Ya danna mata hamsin. Tsakiyarta ta riga gefe cinyewa, motar tana tsalle a kan tsakuwa, burki ya rage kamu. Ka sayi gejinka, ka auna da safe kafin ka fita, ka jure kallon da zai yi maka. Sannan noti. Yaronsa zai zura bututu a sifana, ya hau kai da ƙafa biyu yana lilo, har sai ya tabbatar ranar da ƙusa ta same ka a hanyar Katsina cikin dare, kai da fasinjanka da mutanen ƙauye ba mai iya kwancewa. Batun yadda ƙusa take yawa daidai kusa da rumfar mai faci kuwa, ni ban ce komai ba, zato zunubi.

Game da alaimin da balansin, ya kamata ka yi bayan ka sa sababbi, kuma ka riƙa juya na gaba zuwa baya. A'a, bar shi kawai. Ramin farko zai warware maka aikin.

Babu kuma wanda zai gaya maka cewa haƙoran tayar A/T ɗin nan ba kyauta suke cizo ba. Sun fi nauyi, sun fi shan mai, kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, shan mai ya daina zama abin wasa. Ga gurnani. Kana hawa gadar saman Sabon Gari uwargida za ta juyo ta ce, "Alhaji, wai motar nan ba ka ce an gyara ba?"

To amma bari in ajiye raha. Bishiyar roba tana nan a Edo da Delta da Kuros Riba. Muna da masana'antun taya a da. Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya rufe ta Ikeja a 2008, saboda rashin wutar lantarki da tayoyin waje da aka sassauta wa haraji. Tun daga nan muke fitar da ɗanyar roba muna shigo da abin da wasu suka zubar. Ni da kai muna da zaɓi, ko da za mu ci bashi. Direban bas ɗin da ke lodi zuwa Zariya, wanda kuɗin mai ya cinye ribarsa, tayar da aka haifa kafin ɗansa na fari ya shiga firamare yake sawa a gaba, ya cika mota da mata da yara, ya hau kwalta da tsakar rana. Idan ta fashe sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ranar kuwa tana rubuce a jikin tayar da lambobi huɗu, kowa yana iya karantawa, daga mai shigo da ita har jami'in da ta wuce ta gabansa a tashar jirgin ruwa. In za ka shiga motar haya, sunkuya ka duba. Direba zai ce ka cika iyayi. Bari ya ce.

Kai kuma da ka riga ka biya kuɗin huɗun, har da ta biyar ta ko-ta-kwana idan kana da sauran numfashi, ina taya ka murna. Yanzu kana da tayar da za ta iya hawa dutse ta ratsa fadama. Kuma saboda ka san nawa ka ba da, daga yau duk inda ka hango ɗan ruwa ya kwanta a titi za ka taka burki, ka kunna sigina, ka zagaye shi a hankali, 'yan Adaidaita Sahu suna danna maka hon a baya.