Ire-iren Masu Koyon Saƙar Kwarashi a Tursa da Kewaye

Saƙar kwarashi sana'a ce ta ƙugiya ɗaya da zare ɗaya: a zaro zaren ta cikin madauki, a ɗora sabon ƙulli kan na baya, har a samu hula ko safa ko 'yar jaka. Ta yaɗu a Turai a ƙarni na 19, kuma har yau ba a ƙera injin da ke yin ta yadda hannu ke yi ba, shi ya sa kowace hula take tona halin wadda ta saƙa ta. A Tursa da sauran garuruwan Rabah, Wurno da Goronyo, kasuwarta da hunturu take buɗewa, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin fadamun Rima da gulbin Sakkwato ke ratsa ɗaki da asuba, iyaye mata su shiga neman abin rufe kan jariri. A lokacin ne masu koyo ke yawaita, kuma sun kasu kashi-kashi.

Wadda ake fara gani ita ce mai damƙa. Tana riƙe kwarashi kamar za a ƙwace mata, tana ɗaure zare har ƙugiyar ta kasa shiga ramin da ita da kanta ta yi. Sarƙarta ta farko takan yi tauri ta nannaɗe, yatsanta manuni ya yi jan layi. Abokiyar zamanta mai saki ce, wadda safarta ke da ramukan da babban yatsan jariri ke leƙowa ta ciki. Su biyun sukan warke cikin makonni kaɗan, domin ciwon nasu a hannu yake.

Mai wuyar magani ita ce mai ƙin ƙirga. Hular jariri daga tsakiyar kai ake fara ta, da ɗan ƙaramin zobe, sannan a riƙa yin ƙari daidai wa daida a kowane zagaye: idan an fara da dogayen ƙulli 12, zagaye na biyu ya zama 24, na uku 36. Idan faɗin ya isa, sai a daina ƙari, hular ta gangaro da kanta. Kan sabon jariri yakan kai kimanin santimita 35 a kewaye, don haka awon ba ɓoyayye ba ne. Amma ita wannan a tsakar gida take saƙarta, tana ba da labarin bikin da aka yi a Achida, tana tsawata wa akuya, tana tambayar farashin albasa a Wurno. Idan ƙarin ya yi yawa, gefen hular ya tattare ya yi ta lanƙwasa. Idan ya gaza, ta tsuke ta koma ɗan ƙoƙon da ko kan 'yartsana ba zai shiga ba. Ba ta taɓa yarda lissafi ne ya kuɓuce mata. Takan ce, "Wanga zare ba shi da kyau, Malama," ko kuma ta ɗora laifin kan jaririn, wai kansa ne ya cika girma, gadon dangin uba.

Kishiyarta mai warwara ce. Ita ƙirga take yi har da motsa baki, kuma idan ta hango kuskure a zagaye na uku tana kan na goma sha biyar, sai ta zare kwarashin ta ja zaren duka. Zarenta duk ya lanƙwashe saboda yawan saƙawa da warwarewa. Ana yi mata dariya, amma mafi yawan gwanayen da ake kai wa aiki daga cikin irinta suke fitowa.

Akwai mai tara kaya. Kafin ta iya sarƙa ta riga ta ba direban motar Sakkwato saƙo: kwarashi na milimita 2 da na 3 da na 4, zare ruwan hoda, ruwan ɗorawa, shuɗi da fari. Komai yana cikin robar fenti a ƙarƙashin gado, a cikin ledarsa. Amfaninta ga unguwa ba kaɗan ba ne, tunda wajenta ake aro. Ita ce kuma ke rantsuwa cewa zarenta ulu ne na gaske, alhali yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa na roba ne. Ashana ɗaya ke raba gardama: gashin tunkiya yakan ƙone da ƙaurin gashi ya zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Saboda haka ne ba a zama da jariri mai irin wannan safa kusa da kaskon wuta.

Ɗalibar waya sabuwar shigowa ce. Malamarta wata Baturiya ce a YouTube, wadda ba a ganin komai nata sai hannuwa. Bidiyon yakan tsaya daidai inda ake juya zare, ko caji ya ƙare, don haka ta iya farkon abubuwa da yawa. Ba ta san cewa sunayen ƙulli a Amurka da Ingila sun saɓa ba, har suna ɗaya yana nufin ƙulli biyu mabambanta, sai ta haɗa darasin nan da na can, rigar sanyin ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Idan bahaguwa ce, wahalar ta ninka, sai an kai ta gaban wata bahaguwar.

Sai mai karɓar aiki tun ba ta iya ba. Ana haihuwa take zuwa barka da alkawarin hula, safa da shawul kafin suna, ta karɓi rabin kuɗi. Suna dai ranar bakwai ne, shawul kuwa aikin makonni ne ko ga gwana. Akan kai kayan bayan an yi arba'in, wani lokacin ma cikin zafin Afrilu, yaro ya fara zama. Uwar takan karɓa ta ajiye wa ƙane.

Kusan dukkansu a gaban tsohuwar hannu suke ƙarewa, Gwaggo ko Inna, wadda ta saƙa tuma-ƙasar rufe kwanonin amare tun kafin a gama madatsar ruwan Goronyo a 1984. Ba ta san lambar kwarashinta ba, ba ta kuma ƙirga da baki. Da tafin hannu take awo. Matsalarta guda ce, ba ta iya bayani ba. Idan yarinya ta ce, "Gwaggo, nuna mani," sai ta amshe aikin ta ce, "Duba, haka a kai," yatsunta su yi ta gudu har hular ta ƙare. Yarinyar ta koma gida da hula, ba ta koyi komai ba sai inda ake yanke zare.

Maza ba su cika koyo a fili ba, ko da yake ɗinkin hula da saƙar masaƙa tsofaffin sana'o'insu ne. Rabonsu a nan shi ne sayen zare da ciniki. Maigida yakan ɗaga safar da aka kwana uku ana saƙawa, ya juya ta, ya tambayi nawa zaren ya ci, sannan ya taya daidai kuɗin zaren.