Ni da Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Tsakiyar Bazara

Malaman ilmin na'ura sun kasu mazhaba biyu game da ƙwaƙwalwar kwamfuta, wasu na bin Intel, wasu na bin AMD, saɓanin da ke tsakaninsu kuwa ya yi tsanani har wanda ya shiga majalisarsu neman fatawa yakan tashi da ciwon kai ba tare da ya sami hukunci ba. Saboda haka, sa'ad da na ɗaura niyyar haɗa kwamfuta da hannuna bayan na yi ritaya, sai na sallama al'amarin ga ɗan ƙanwata, yaro mai fasahar magana, wanda ya karɓi wannan amana da wani irin zumuɗi da na ɗauka tsantsar ladabi ne.

Shi ya ba ni ƙissar wata ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, ta shekarar 1998, wadda aka yi ta don ta yi gudun megahaz 300, amma talakawan wancan zamani suka gano dabarar kora ta zuwa 450, ta riƙa kafaɗa da kafaɗa da masu tsada. Ni kuwa ban taɓa jin labarin samun abu fiye da kuɗinsa ba face zuciyata ta yi taushi. Muka tafi titin Beirut a Kano, muka zaɓo Core i5-2500K ta hannu, 'yar shekarar 2011, domin harafin K alama ce ta cewa ba a kulle ta ba, ita ma ana iya ƙara mata gudu. Wajen allon da za a dasa ta a kai ne na nuna gwanintar ciniki, na ture wanda yaron ya nuna, na ɗauki H61 mai rahusa; sai da muka isa gida ya bayyana cewa wannan allo ba ya yarda a ƙara gudu ko kaɗan, sai irin P67 ko Z68, don haka na koma na saya, na zama mai allo biyu da ƙwaƙwalwa ɗaya.

Hisabin abin ba shi da wuya ga wanda ya taɓa raba gado. Akwai asalin bugu na megahaz 100, ana ninka shi sau 33, ya ba da gigahaz 3.3, mai son ƙari sai ya shiga BIOS, wato wurin saitin allon, ya ɗaga adadin ninkin, ya ɗan ƙara ƙarfin wuta don ƙwaƙwalwar ta jure, sharaɗin kawai shi ne duk wutar da aka ƙara zafi take komawa, kuma ko ƙwaƙwalwa biyu da suka fito daga masana'anta rana ɗaya kowace da iyakar rabonta. Yaron ya ce, "Kawu, a hau a hankali, ɗaya bayan ɗaya." Da ya fita alwala, na duba na ga 50 adadi ne cikakke mai kwarjini, na rubuta shi. Fuskar na'urar ta yi baƙi ƙirin, na yi salati, ba ta motsa ba, har sai da ya dawo ya zare ɗan batirin da ke jikin allon, ta manta da umarnina, ta farfaɗo.

Muka yi sulhu a kan 45, muka sa mata jarrabawar Prime95, wadda ke ɗora wa ƙwaƙwalwa lissafi ba hutu don a ga ƙarshen haƙurinta. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 a inuwa. Awon zafi ya haura 80, ya wuce 90, ya doshi 98, inda ita da kanta take rage gudu don tsira da rai, fanka kuwa ta ɗauki ruri har uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, in injin markaɗe ka sayo, ai sai ka faɗa mini in kawo tattasai."

Na ɗora laifin a kan bazara, na kuma kawo hujjoji. Yaron bai yi jayayya ba, ya kwance ƙarfen sanyaya ya juya shi, sai ga 'yar leda manne a gindinsa, man da na shafa don ya ɗauke zafi kuma yana kwance a kanta lafiya lau. Har gobe ina kan ra'ayina: a gidanmu ba a cire wa sabon abu leda, ko kujerar mota, ko rediyo, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙarfe ya fita daga wannan ƙa'ida ba.

Da aka ɓare ledar, zafi ya sauka, na'ura ta zauna daram a kan gigahaz 4.5. Aikina da ita shi ne buga takardun kwamitin masallacin unguwa, da yatsa biyu, kuma ban ji sun ƙara sauri ba. Amma ɗan ƙanwata, wanda a da sai da Sallah nake ganinsa, yanzu kullum bayan la'asar yana zuwa gaishe ni, shi da abokansa, ɗauke da abin buga wasan ƙwallo a cikin jaka.