Katangar Gidan Tudu

Tun kafin kiran assalatu tifa ta juye bulo a ƙofar gidan yamma, ƙarar ta tashe mu duka, mu da ke kwana a gangare. Da gari ya waye na fito zan tafi wurin aiki, na tarar leburori sun fara kwaɓa siminti, birkila yana bisa tsani yana jan igiya. Karo na huɗu ke nan da ake ƙara wa katangar nan tsawo tun da na tare a unguwar, can bayan Gwarinpa, inda duwatsun Dawaki ke kallon hanyar Kubwa. Baba maigadi yana zaune a bakin bukkarsa ta kwano yana jan carbi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, an kuma?" Ya ce, "An kuma, Malam. Wannan karon har rufi za a yi."

Manyan gidaje biyu ne a kan tudun, muna kiransu gidan gabas da gidan yamma, bango ɗaya ya raba su. Baba ya fi kowa sanin tarihinsu, domin tun zamanin Abacha, lokacin da ake gina Gwarinpa, yake gadi a nan. Ya ce iyayen masu gidajen na yanzu ne suka fara rigima kan iyakar fili, kowa ya shiga tara karnuka, irin manyan nan na ƙasar waje da ake ciyarwa da nama alhali yaran gida na cin garau-garau. Wani dare sarƙa ta tsinke, karnukan gida biyu suka yi cirko-cirko a bakin hanya daidai lokacin da yara ke dawowa daga makarantar dare. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Amma tsofaffin biyu ba wanda ya runtsa a daren, kuma da safe, su da ko gaisawa ba sa yi, suka zauna a gindin mangwaro aka rubuta takarda.

Sharuɗɗa uku aka rubuta. An ƙayyade yawan karnukan da kowa zai ajiye. An yarda lokaci-lokaci yaron wannan gida zai shiga wancan ya ƙirga da idonsa. Na ukun shi ne ya ɗaure wa mutane kai: kada wanda ya ɗaga katangarsa ta wuce kafaɗar mutum.

Na ce da Baba, ai katanga ba ta cizo, me ya sa za a hana mutum kare gidansa? Ya ajiye carbin ya dube ni. Ya ce, "Malam, abin da ya hana kowannensu sakin karnukansa shi ne sanin cewa na maƙwabci ma za su shigo masa. Ran da ɗaya ya yi imani babu abin da zai tsallako masa, me zai hana shi saki? Ko da bai yi niyya ba, maƙwabcin zai kwana yana zargin ya yi. To shi kuma ba zai zauna ya naɗe hannu ba, ƙaro karnuka zai yi har su fi ƙarfin katangar." Shekaru aka yi a kan wannan takarda. Ba so ne ya shiga tsakaninsu ba, amma mutanen gangare sun yi barci.

Da tsofaffin suka kwanta dama, ɗan gidan yamma ya ɗauko takardar ya ce ta tsufa. Ya aika wa maƙwabcinsa cewa kada ya damu, ba dominsa za a yi ginin ba, wani ƙaramin gida ne can bayan dutse ya fara kiwon mugun kare. Gaskiya ne kuwa akwai gidan, akwai karen. Ni ban ga laifin mutum ya ji tsoro a garin nan ba. Wanda ya ga abin da ya faru a tashar Nyanya a Afrilun 2014, ko ya ji yadda aka fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, ko ya bi labarin sace-sacen mutane a yankin Bwari a farkon 2024, ba sai an koya masa darajar ƙofa mai ƙarfi ba. Sai dai maigidan gabas bai karɓi wannan bayani ba. Ya yi shiru, ya shiga cikin gida. Bayan 'yan shekaru ya kira jama'a ya nuna musu sababbin karnuka: wani mai tsalle, wani mai tona ƙarƙashin gini. Ƙirgar da yara ke yi aka daina. Wani attajiri na uku a gefen tudun, wanda da can 'yan karnukansa ba su taka kara sun karya ba, ya wayi gari yana jera ɗakunan karnuka layi-layi a bayan gidansa.

Na taɓa ganin gwajin katangar da idona. Ɗan kwangila ya kawo wani tsohon kare, ya faɗa wa masu gadi lokacin da za a sake shi da kusurwar da zai bi, aka kunna wutar wayar sama, kowa ya shirya. Sau huɗu aka saki karen, sau biyu ya wuce. Ɗan kwangilar ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ka ga inda matsalar take, layi uku kawai za a ƙara." Ya zaro sabon lissafi daga aljihu. Tun ran nan ban taɓa ganin ya zo gidan ba tare da takarda a hannu ba.

Wani dare a watan Mayun 2025 muna zaune a teburin mai shayi, rediyonsa na rataye a jikin ƙusa, aka kawo labarin cewa Shugaba Donald Trump ya bayyana shirin yi wa Amurka garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami, wadda aka raɗa wa suna Golden Dome, wato ƙubbar zinariya, a kan dala biliyan 175, har da makaman da za a girke a sararin samaniya. Baba ya tsayar da kofinsa a bakin leɓe. Ya ce, "Malam, kai da ke karanta jarida, wane irin rufi ne wannan?"

Na gaya masa iyakar abin da na sani. Makami mai linzami mai cin dogon zango yakan tashi ya wuce inda iska take, ya faɗo wata nahiya cikin kamar rabin awa, ɗauke da bam ɗin nukiliya. Aikin garkuwar shi ne ta harba wani makamin ya same shi a hanya, kamar a harbi kibiya da kibiya cikin duhu. Amurka tana da irin waɗannan guda 44, arba'in a Alaska, huɗu a Kalifoniya, an ce saboda Koriya ta Arewa, wadda ta gwada bam sau shida tsakanin 2006 da 2017.

Ya ce, "An gwada su?"

Na ce an gwada, kuma kusan rabin gwajin ne ya yi nasara, duk da an san lokacin da za a harbo da inda za a biyo. Ga wata matsala kuma: a can sama babu iska, don haka idan maharbi ya saki balan-balan tare da bam ɗin, tafiyarsu ɗaya, mai tarewa sai ya rasa wanne ne na gaske.

Baba ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To wanne ya fi arha, kare ko bulo?"

Wannan tambayar ce ta kai Nixon da Brezhnev teburi a Mosko a 1972, suka sa hannu kan yarjejeniyar taƙaita irin wannan garkuwa: wuri biyu ga kowa, daga baya a 1974 aka mayar da shi ɗaya. Amurka ta gina nata a jihar Dakota ta Arewa, ta buɗe shi a 1975, cikin 'yan watanni majalisarta ta rufe shi. A Disamban 2001 George Bush ƙarami ya ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar, ta mutu a 2002. A Maris 2018 Putin ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa yana nuna sababbin makamai, wani mai sauya hanya a cikin tsananin gudu, wani mai bi ta ƙarƙashin teku, ya kuma ce ficewar nan ce ta jawo su. A 2021 hotunan tauraron ɗan Adam suka nuna Sin tana haƙa ɗaruruwan ramukan ajiye makamai a cikin hamadarta. Yarjejeniya ta ƙarshe da ta ƙayyade wa Amurka da Rasha bama-bamai 1,550 kowacce a ɗane, an daina ziyarar ƙirga a ƙarƙashinta tun 2020, wa'adinta kuma 5 ga Fabrairun 2026. Bama-baman da ke duniya sun kai kimanin 12,000 a hannun ƙasashe tara.

Mai shayi ya ce, "Baba, kai da rediyo kake ko da gidan yamma?" Baba ya ce, "Ni maigadi ne, ɗana. Katanga kawai na sani."

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ba a kan tudun yake ba. Da aka zo ƙari na biyu, sai da aka faɗaɗa harsashin ginin don ya ɗauki nauyi, aka danne lambatun da ke kwashe ruwan sama zuwa rafi. Ruwa kuwa ba ya rasa hanya. A daminar bara, cikin watan Agusta, misalin ƙarfe biyu na dare na ji sanyi a bayana, na taɓa ƙasa na ji tabarmar salla tana iyo. Na ɗauki ƙaramar 'yata a kafaɗa, matata ta rungumi buhun shinkafar da ya riga ya jiƙe, muka tsaya a kan benci har asuba. Takardun makarantar yara sun manne da juna, da na ɓamɓare su tawada ta bi yatsuna. A watan da ya biyo, ɗaya daga cikin karnukan masu tona ƙasa ya kuskure hanya ya ɓullo ta bayan teburin shayi, ya kama ɗan mai shayin a cinya. Har yau yaron yana ɗingishi. Babu gidan da ya amsa cewa karensa ne.

Mu mutanen gangare ba mu da kare ko ɗaya. Da kanmu muka zauna muka yarda da haka, kuma ban yi nadama ba. Nakan tuna cewa nahiyarmu ma haka ta yi. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-bamai shida ta wargaza su da hannunta. A 1996 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Alƙahira kan yarjejeniyar Pelindaba, cewa babu makamin nukiliya a nahiyar, ta fara aiki a 2009. A 2018 aka kwashe yuraniyom mai ƙarfi daga ƙaramar tukunyar binciken nukiliya da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, aka mayar da shi Sin, aka sa wanda ba ya yin bam. Ranar 6 ga Agustan 2020, shekara 75 cif da Hiroshima, Nijeriya ta miƙa amincewarta da yarjejeniyar haramta makaman baki ɗaya. Wanda ya wanke hannunsa haka yana da bakin magana a gaban kowa.

An taɓa yin maganar kuwa. Ranar 13 ga Fabrairun 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, hamadar da hazon hunturu ke taso mana daga cikinta ya shiga hancin yaranmu da tulunan ruwanmu. Ta sake, ta kuma sakewa a ƙarshen shekarar. A Janairun 1961, wata uku kacal da samun 'yancin kanmu, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragenta na ruwa da na sama tsayawa a Nijeriya. Ba mu da arzikin mai na kirki a lokacin, ba mu da gine-ginen da ke tsakiyar Abuja yau.

Baba ya ce unguwarmu ma ta yi irin wannan dattijo. A lokacin tsofaffin, wani kare ya taɓa yaga zanen wata mata, mai unguwa na wancan zamani ya hau tudu da sandarsa, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya faɗi abin da ya kawo shi a tsaye. Da aka biyo shi da rago don a ba shi haƙuri, ya sa aka mayar. Yanzu muna da ƙungiyar mazauna unguwa, da shugaba, da sakatare, da hatimi. Bayan ambaliyar muka same shi mu goma sha ɗaya, da hotuna a wayoyinmu. Ya tarbe mu da fara'a, ya ce zai duba, ya ce manya ba a tunkararsu da garaje. Duk sallah motar gidan yamma takan tsaya a ƙofarsa a sauke buhuna, motar gidan gabas ma haka, kwanan nan har ta attajiri na uku. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya. A taronmu na ƙarshe an yi awa biyu ana maganar kuɗin fentin ƙofar shiga unguwa, lambatu bai samu shiga cikin ajanda ba.

Jiya da yamma hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ledoji a kan hanya. Ina dawowa na tarar an kafa ƙarafunan rufin, dogaye, masu walda suna sauri su tattara kayansu. Haushi na tashi daga gidaje uku, ba ka bambance na wane da na wane. Na hangi matata a gangare tana jera buhunan yashi a bakin ƙofa, yara na miƙa mata. Baba yana ɗora dutse a kan kwanon bukkarsa kada iska ta yaye. Shekara kusan talatin yana tsaron gidan nan, bukkar tana nan inda aka kafa ta tun farko, jingine da katanga ta waje. Na ce, "Baba, ka sauko wurinmu ka kwana mana." Ya ce, "Na gode, Malam. Ai ruwan can zai same ku." Ya ɗauki tocilarsa ya gwada, ya shiga ya ja ƙyauren.